Gonar Kawuna da Burtalin Shanu

Shekara huɗu na yi ina koyar da darasin kula da ƙasa da muhalli a jami'a, a Damagaram, kafin in gane cewa jarrabawa kawai ɗalibaina suke ci. Sunan darasin da Faransanci dogo ne, amma abin da yake nufi gajere ne: yadda mutum zai ci amfanin ƙasa yau ba tare da ya kashe wa na bayansa ita ba. Nakan tsaya gaban tablo in rubuta ma'anar, su kwafe cikin kaye, wato littafin rubutunsu, ranar jarrabawa su maido mini da ita yadda na ba su, ko waƙafi ba ya ɓata. In ba su maki, kowa ya tafi gida yana murna, har da ni.

Wani tsohon ɗalibina ne ya farkar da ni, wanda ya fi kowa maki a shekararsu. Na gamu da shi a kasuwar Tanut ina kan hanyar zuwa ganin gida. Ya samu aiki da wani shiri na dashen itace, amma na gan shi ya rame, fuskarsa babu walwala. Muka koma inuwar wata rumfa ya ba ni labari. Sun kewaye wani fili da waya kusa da wani ƙauye, sun dasa itatuwa, suna ɗauko ruwa a amalanke suna ba su. Ba a yi wata biyu ba makiyaya suka yanke wayar, awaki suka cinye dashen tas. Ya ce mutanen nan ba su son ci gaba. Na tambaye shi me ke cikin filin kafin su kewaye shi.

"Babu komai, Madam," in ji shi. "Fili ne kawai."

Na san wurin da yake faɗa tun ina yarinya. Nan ne dabbobi ke kwanciya su jira layin shan ruwa a rijiya. Ban yi masa faɗa ba, don na gane maganar da ta fito daga bakinsa tawa ce. A taswirorin da nake nuna musu a aji, gona tana da launinta, daji yana da nasa, gari yana da nasa, sauran kuma fari ne fat. Ni na koya masa cewa fari yana nufin babu kowa.

Da na koma aiki na je wurin shugaban sashenmu na roƙi a bar ni in fita da 'yan shekara ta uku zuwa ƙauye, mako biyu, a hutun Ista. Ya ce zafin bazara zai koro mu kafin kwana uku, amma ya sa hannu, ya kuma nema mana mota. Ɗalibai ashirin da biyu na ɗauka. Ƙauyen da na zaɓa namu ne, tsakanin Gangara da kwarin Tarka, don can nake da wanda zai karɓi baƙi masu yawa haka ba tare da ya yi tsaki ba.

Wannan mutumin kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, kawu ne ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, shi ya kai ni lakwal, makarantar boko, da hannunsa, shi ya raka ni tasha ranar da zan tafi kwaleji a Tanut. Manomi ne, kuma dattijo a ƙaramar majami'ar ƙauyen. Gidajen Kirista ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran maƙwabta duk Musulmi ne, rijiya ɗaya ake sha, gayya ɗaya ake yi. Samarin na sauke su a ajin lakwal tunda yara suna hutu, 'yan matan kuma matar kawu, wadda nake kira Inna, ta share musu ɗakuna biyu.

Doka ɗaya na kafa musu. A makon farko ba wanda zai ba kowa shawara. Su yi tambaya, su kama aiki, su rubuta abin da suka gani. Na san halinsu, domin halina ne: mai ilimin boko in ya shiga ƙauye, kafin ya sha ruwan maraba ya riga ya san maganin matsalar mutane.

Cikinsu akwai biyu da ba zan manta ba. Ɗaya yarinya ce 'yar birnin Damagaram, mai tabarau, kullum a kujerar gaba, bakinta ba ya riƙe tambaya. Ba ta taɓa riƙe gatari ba sai a wannan tafiya. Ɗayan kuma saurayi ne dogo, siriri, wanda kullum yake can ƙarshen aji. Faransancinsa yana da nauyi, da ƙyar yake tsallake jarrabawa, kuma shekara biyu yana ajina ban taɓa jin muryarsa ba sai in ana kiran suna. Abin da na sani kawai shi ne daga wajen Balbeji ya fito.

Lokacin sassabe ne, ana share gonaki kafin ruwa. Kowace safiya muka bi kawu gona. Ya nuna musu yadda yake yi da kututturen kalgo da sabara da ke tohowa: ba ya sare su duka kamar yadda aka saba a da. Yakan duba ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya bar waɗannan su miƙe. Gonarsa cike take da gawo da aduwa da magarya, wasu sun fi ɗaki tsawo. Mai tabarau ta tambaye shi nawa ya dasa a ciki. Ya yi dariya ya ce ko ɗaya, duk a ƙasa ya same su, shi dai bai kashe su ba ne. Na ga ta tsaya tana kallon itatuwan, hannunta duk ya yi bororo saboda ƙotar gatari, ta ciro kaye ta rubuta.

In faɗi gaskiya, alfahari ya cika ni a makon nan. Abin da ya sa na kawo su ke nan, su ga gonar kawuna su san cewa abin da muke karantawa a littafi akwai tsohon da bai shiga aji ba yana yin sa shekaru da yawa. Ina ganin darasin ya riga ya ƙare, saura mu haɗa kaya.

A mako na biyu na ba su babbar takarda na ce su zana taswirar ƙasar ƙauyen, su kuma nuna inda suke ganin za a iya gyarawa. Kwana biyu suna yi. Suka sa gari da rijiya, masallaci da majami'a da lakwal, suka sa gonaki kowace da iyakarta. Daga gabas akwai wani dogon zirin ƙasa da ya taso daga kudu ya wuce arewa, babu shuka a kansa sai yashi da ƙarangiya. Suka bar shi fari, suka rubuta a kai cewa wuri ne da ya dace a dasa itace. Na ga wannan tun suna zanawa, na kama bakina. Ina so in ga ko wani zai lura.

Da yamma muka shimfiɗa takardar a gindin wani babban gawo kusa da rijiya, muka ce duk mai so ya zo ya gani. Mutane suka taru, kowa yana neman gonarsa yana dariya. Can sai ga wani tsoho Bafillace, sanda a kafaɗa. Na san shi tun ina ƙarama. Duk rani yakan sauka da iyalinsa da shanunsa arewa da rijiyar, shi da kawu sun daɗe suna tsokanar juna. Ya tsuguna a bakin takardar ya daɗe yana kallo. Bai iya karatu ba. Ya ce a nuna masa rijiya, aka nuna masa. Ya ɗora yatsa a kai, ya ɗaga kai ya dubi ɗaliban.

"To, ga ruwa na gani. Ta ina shanuna suka zo suka sha?"

Mai tabarau ta yi ƙarfin hali ta ce masa, cikin ladabi, takardar ƙasa take nunawa, ba dabbobi ba. Tsohon ya gyaɗa kai kamar ya yarda, yana shirin tashi. Sai muka ji wata murya daga baya tana yi masa magana da Fulatanci. Kowa ya juya. Dogon saurayin nan ne na ƙarshen aji. Tsohon ya koma ya zauna, fuskarsa ta saki, suka yi ta magana su biyu kamar ba kowa a wurin. Daga baya saurayin ya matso, ya sa yatsa a kan farin zirin, ya gaya mana da Hausa cewa wannan burtali ne, hanyar da dabbobi ke bi su hau arewa in ruwa ya sauka, su kuma gangaro in an gama girbi. Ya ce in aka dasa itace aka kewaye shi, kamar an toshe wa gida ƙofa ne. Ya ce shi kansa ya bi irin wannan hanya da ƙafarsa tun bai kai shekara goma ba, bayan shanun mahaifinsa.

Mai tabarau ta tambaye shi, da ɗan zafi, me ya hana shi faɗa tun suna zanawa.

"Ba ku tambaye ni ba," ya ce. Bai dube ni ba. "Madam ma ba ta taɓa tambaya ba."

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, kuma gaskiya ce. Shekara biyu ina koyar da darasi a kan makiyaya da manoma, ina karanto musu abin da wasu suka rubuta daga nesa, alhali ga ɗan makiyayi zaune a ajina yana ɓoye asalinsa don kada a yi masa dariya. A gaban kowa na ce masa ya yi gaskiya. Na roƙe shi, shi da tsohon, su bi da mu burtalin gobe daga inda ya shigo ƙasar ƙauyen har inda ya fita.

Da sassafe muka fita da gorunan ruwa da doguwar igiya ta awo. Saurayin ne a gaba. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a aji ba, ranar nan bakinsa bai huta ba. Ya nuna mana inda garke yake kwana, ya ce a duba yadda ƙasar wurin ta yi baƙi. Ya tsinci 'ya'yan itace a ƙasa ya gaya mana wanda ke sa saniya nono da wanda ke kumbura mata ciki. Ya duba busasshiyar ciyawa ya ce bara ruwa ya yi saurin ɗaukewa a nan, tsohon ya tabbatar. Sauran ɗaliban suka bi shi suna rubutu, waɗanda a da ko gaisuwar kirki ba sa yi masa. Tsohon kuma yana nuna mana tsofaffin alamun iyaka, duwatsu da kututturen aguwa, wani ɗan itace mai farin ruwa da dabba ba ta ci, wanda magabata suka jera a gefen hanya don kowa ya san inda gona ta tsaya.

Muna tafiya muna awo sai muka ga abu ɗaya yana maimaituwa. Tsofaffin alamun ba a bakin hanya suke ba, suna can cikin gonaki. Gonaki sun ci burtalin daga hagu da dama, nan taki biyar, can taki goma. Tsohon ya ce a ƙuruciyarsa garke guda yakan wuce a baje, makiyayi yana tafe yana waƙarsa. Yanzu sai an jera shanu kamar masu shiga ƙofa, yara suna gudu gefe da gefe da sanduna, kuma duk da haka sai wata ta saka baki a shuka an yi rigima.

Rana ta take sosai lokacin da muka kai inda hanyar ta fi matsewa. Ko amalanke biyu ba za su gitta juna a wurin ba. Ɗaliban suka shiga neman tsohuwar alama, suka same ta can ciki, layin aguwa da ya tsufa, taki ashirin da wani abu daga bakin hanya. Gona ce mai kyau, an share ta tsaf, ga gawo ga aduwa. Tun daga nesa na gane ta. Daga wancan gefen muka saba shigarta, shi ya sa ɗaliban ba su gane ba. Mai tabarau ta tambayi tsohon ko gonar wa ce. Ya juya yana kallon wani wuri, ya ce shi baƙo ne, bai san gonakin mutane ba. Ya sani sarai. Kunyata yake ji.

"Ta kawuna ce," na ce.

Wasu suka sunkuyar da kai. Yarinyar tana riƙe da bakin igiya, ta dube ni ta cikin tabaranta ta ce, "Madam, mu sa ta a takarda?"

Na tuna kawu shi ke ciyar da su kwana tara, shi na kawo su su yi koyi da shi. Na san in na ce a tsallake wurin ba wanda zai musa, kuma na san in na faɗi haka, duk abin da zan ƙara koya musu sun riga sun san iyakarsa. Na ce su auna, su zana abin da suka gani.

Bayan la'asar na sami kawu a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Na zauna a ƙasa kamar yadda na saba tun ina yarinya, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce labari ya riga ni isowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a shekarun fari, lokacin da dabbobin makiyaya suka mutu, hanyar nan ta yi shekaru ba kofato ɗaya da ya taka ta. Tsohuwar gonar ta gaji, bakuna sun yi yawa a gida, ga ƙasa baƙa mai taki tana kwance a gefensa. Ya ƙara kunyar shuka biyu, shekara ta zagayo ya ƙara uku. Ba shi kaɗai ya yi ba, kowa ya yi. Da dabbobi suka dawo, an riga an saba.

"Geron wurin nan kin ci shi, ɗiyata," ya ce. "Da shi kika yi ƙarfin zuwa lakwal. Yau kin kawo mini baƙi, na ba su ruwa na ba su tuwo, sun ɗauki igiya sun auna ni."

Na ce masa ban zo in kunyata shi ba, kuma ba za a kira sunan kowa ba. Na ce abin da ya koya wa yaran nan a kan itatuwa gaskiya ne, ba abin da zai goge shi. Amma ba zan iya ce musu su rufe ido a kan gonarmu su buɗe a kan ta wasu ba, don shi da kansa bai tarbiyyantar da ni haka ba. Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa har na tashi.

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Lahadi shi ya ja addu'a a majami'a, ina zaune a layin mata, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Inna ta ce in ƙyale shi, tun tana amarya ta san shi, in abu ya shige shi ba ya magana sai ya gama juya shi. Wannan bai kwantar mini da hankali ba.

Ranar ƙarshe muka sake shimfiɗa takarda a gindin gawon, mai gari yana nan, limami yana nan, kawu yana zaune can gefe. Sabuwar taswirar tana da layi biyu, ɗaya na inda burtalin yake a da, ɗaya na inda yake yanzu. Mai tabarau ta yi bayani da Hausarta ta birni, ba ta ambaci mai gona ko ɗaya ba, ko da yake kowa ya gane tasa. Sannan ta ja da baya ta ba saurayin wuri. Ya ce a garinsu ya ga abin da matsewar hanya ke jawowa: a yi faɗa shekara biyu uku, makiyaya su canza hanya, gonakin da shanu ke kwana a kai bayan girbi su rasa taki, manomi ya ga geronsa yana raguwa bai san dalili ba. Ban zaci zai ƙara wani abu ba, sai ya juya wajen tsohon ya ce su ma makiyaya suna da nasu. Ya ga gawo da yawa a hanya waɗanda aka sassare wa rassa har ƙashi don a ba dabbobi, itacen da manomi ya yi shekaru yana reno. Tsohon ya ce gaskiya ne, 'ya'yansa ma suna yi, ya sha hana su.

Daga nan magana ta bar hannunmu. Wani manomi ya ce in ya mayar da ƙasa me zai ba 'ya'yansa. Wani ya ce a fara da masu manyan gonaki. Limami ya ce hanya haƙƙin kowa ce. Mai gari ya ce an ji, za a duba. Ba a yanke komai ba. Kawu bai buɗe baki ba har aka watse. Da muka zo shiga mota ya yi wa ɗaliban sallama ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ya ce mini a sauka lafiya, shi ke nan. Har muka wuce Tanut ina ta tunanin ko na sayar da uba ne don darasin mako biyu.

Da muka koma na canza jarrabawar. Na ce kowa ya rubuta a kan wani yanki na ƙasa a garinsu: wa ke amfani da shi, a wane lokaci na shekara, wa zai cutu in aka taɓa shi, wa kuma ba a tambaya ba. Wasu suka yi gunaguni, suka ce ba su san me za su haddace ba. Saurayin da mai tabarau suka riƙa zama tare a laburare, ita tana gyara masa Faransanci, shi yana yi mata tambayoyi a kan wani tafki na bayan unguwarsu da take wucewa kullum ba ta san masu yin bulo da masu lambu suna rigima a kansa ba. Abin da ya rubuta a kan rijiyoyin wajen Balbeji har yau ina karanta wa sababbin ɗalibai, da izininsa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata ranar Asabar Inna ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce kawu ya shuka gonar gabas, amma ya bar wajen hanya. Ba duka ya bari ba, kamar rabin abin da ya ci. Ya sari rassan aguwa ya kafa sabon layi shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba, har ita sai da ta kai masa fura ta gani. Maƙwabta biyu da suka ga haka suka ja da baya su ma. Na uku ya ce ko taki ɗaya ba zai bari ba, kuma har yau bai bari ba. Bayan girbi tsohon ya kawo shanunsa suka kwana a gonar kawu kusan wata guda suna cin kara, abin da aka daɗe ba a yi ba. Kawu bai taɓa ɗauko mini maganar ba, ni ma ban ɗauko ba. Da na je Kirsimeti ya karɓe ni kamar kullum, ya sa aka yanka mini zakara.

Shekara biyu bayan haka yanar ido ta kawo shi Damagaram, ya sauka a gidana. Da aka yi masa aiki ya warke, yana jiran likita ya sallame shi, zaman gida ya ishe shi. Na ce ko zai raka ni aji. Ya ce me zai gaya wa masu ilimi, amma da safe na tarar ya sa rigarsa ta Lahadi yana jirana. Sababbin ɗalibai ne, sun riga sun ji labarin burtalin daga na gabansu. Na ba shi kujerata. Wani yaro daga tsakiyar aji ya ɗaga hannu ya tambaye shi ko bai yi hasara ba da ya bar ƙasar.

"Na yi hasara," in ji kawu. "Kada wani ya yi muku ƙarya. Shekarar farko rumbuna bai cika ba, na ji haushin malamarku sosai. Yanzu gonar tana dawowa saboda taki, amma ba ta kai da ba tukuna. Abin da na samu shi ne in shanu suna wucewa ba na tashi tsaye da sanda. Ina zaune nake kallonsu."

Daga nan shi ya koma mai tambaya. Ya bi su ɗaya ɗaya, kowa daga wane gari yake, me ake nomawa can, wane itace ne ya fi yawa a gonar ubansa, ina dabbobin garin ke shan ruwa da rani. Da yawa ba su sani ba. Bai yi musu dariya ba, ya ce in sun je hutu su tambaya tun masu sani suna da rai. Awa ta cika ba wanda ya tashi, sai da malamin da ke bayana ya leƙo yana nuna mini agogo.

A hanyar gida ya tambaye ni ina yarinyar nan mai tabarau. Na ce ta gama, tana aiki da ofishin magajin gari a wajen Tarka, a ɓangaren da ke sasanta maganar filaye, kuma dogon saurayin ya dawo yana ƙarin karatu a wurina. Ya yi tafiya kaɗan, yana taka ƙasa a hankali saboda idon bai gama sabawa da haske ba. Ya ce yarinyar ba ta da kunya ko kaɗan, amma awonta daidai ne. Ya ce in na yi waya da ita in gaya mata mai gari yana son a kafa alamu na siminti kafin damina, kuma ba wanda mutane za su yarda ya riƙe igiyar sai ita. Sannan ya ce in bi da shi kasuwa, Inna ta ba shi saƙon barkono da gishiri, in ya koma babu su ba zai sha ruwan gidan ba.